Bargon da ke Jiƙewa Ba Tare da Ruwan Sama Ba: Nazarin Kwanan Lilo a Gaɓar Kogin Kaduna

Lambun yana gaɓar Kogin Kaduna ne, ta wajen Rafin Guza, inda masu noman rani ke jera fangalin tumatir da kabeji da albasa da zarar ruwan damina ya janye. Mai shi dattijo ne da gwiwa ta fara gaza masa. A ƙarshen watan Nuwamba aka ɗauke wa maƙwabcinsa injin ban ruwa cikin dare, shi ne ya ce wa ɗan ƙanwarsa, Sadiq, ya riƙa kwana a wurin har a gama cire tumatir. Sadiq ƙanin matata ne, kuma dama yana cikin samarin nan masu sha'awar kwanan daji, waɗanda ke kallon Turawa a waya suna kafa zango a kan duwatsu. Halin da dazuzzukan jihar nan suke ciki ya hana su nisa, don babu uwar da za ta bar ɗanta ya tafi wajen Birnin Gwari ya kwana da sunan nishaɗi. Aikin kawu sai ya zame masa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kayan kwanciyarsa biyu ne. Akwai gadon lilo na nailan, irin wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu, da gidan sauro ɗinke a jikinsa. Ya zaɓe shi ne don ƙasar fadama ba ta rabuwa da danshi, ga kunama, ga maciji. Sai kuma wani bargo da ya tsinta a gwanjon Kasuwar Barci: yadi ne siriri mai santsi, an cusa masa lallausan gashin agwagwa, ba shi da zif, wajen ƙafa an ɗinke shi kamar aljihu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma in ya kumbura ɗuminsa ya wuce na barguna biyu na gida. Ya ɗaura lilon a jikin wasu siraran bishiyoyin turare dab da ruwa, kusa da injin, sama a buɗe.

"Yaya, ni fa abin ya ɗaure mini kai," in ji shi ranar da ya zo shagona. "Ba hadari, ba yayyafi. A cikin gari leɓe har tsagewa yake yi don bushewa. Amma kullum sai in tashi in tarar da bargon kamar an fesa masa ruwa. Na lulluɓe shi da leda, sai abin ya ma fi muni."

Sana'ata gyaran firji ce da na'urar sanyaya ɗaki, don haka ruwan da ke fitowa inda ba wanda ya zuba shi ba baƙona ba ne. Na sa shi ya jero mini abin da ya yi bi da bi.

Tun daren farko bayansa ne ya fara damunsa. A kan lilo, duk abin da mutum ya danne da jikinsa lotsewa yake yi ya daina riƙe ɗumi, iska kuma tana wucewa ta ƙasa ba abin da ya tare ta. Sai ya samo tabarmar soso, irin mai santsin nan da ruwa ba ya ratsawa, ya shimfiɗa a cikin lilon. Bayan ya yi ɗumi, hanci ya ɗauka. Sai ya koma cusa kai cikin bargo. Da ya ga saman bargon na tashi da lema, ya yanke hukuncin raɓa ce, ya sayo baƙar ledar nan da magina ke shimfiɗawa kafin su zuba kankare, ya rufa a kai, ya soke gefunanta ta ƙasa. A daren ledar, wajen ƙarfe huɗu sanyi ya tashe shi yana karkarwa, ya sauko ya ƙarasa daren a bakin wutar Baba Audu, tsohon da ke gadin lambun da ke sama da nasu.

Na ce masa ya ƙara kwana ɗaya yadda ya saba, amma ledar ta rufe daga gwiwa zuwa ƙafa kawai, kuma in ya tashi kada ya karkaɗe komai sai na zo.

Abin da fitila ta nuna

Na isa bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Da na haska bargon a karkace, sai ga lemar ta rabu gida-gida, kowace da kamanninta.

Daga ƙirji zuwa gwiwa, inda ba leda, ƙananan ɗigo ne birjik a saman yadin, kowane ɗigo zaune da kansa, bai nutse ba. In ka shafa da tafin hannu sai su haɗe su gangara, yadin ya koma kusan busasshe, gashin da ke ciki kuma yana nan a kumbure. Irin wannan ɗigon yana kan tankin injin, yana kan sirdin babur ɗin Sadiq, yana kan ganyen kabeji. Wannan raɓa ce tsantsa, kuma ita ce mafi sauƙi a cikinsu.

Wajen wuya labarin daban ne. Wani fili da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba ya yi duhu, ya jiƙe har ciki, gashin ya dunƙule ƙulu-ƙulu a ƙarƙashin yatsa, yana ɗan ƙarni irin na jiƙaƙƙiyar kaza. Nan ne daidai inda bakinsa yake kwana.

Da muka ɗaga ledar, wajenta akwai raɓa kamar ko'ina, amma cikinta ne abin kallo: manyan ɗigo a rataye, wasu sun riga sun zubo sun jiƙa yadin, bargon a nan ya kwanta shakaf. Sai na ce ya juya baya. Rigarsa ta manne daga kafaɗa zuwa ƙugu, tabarmar soson kuma tana ƙyalli.

Ma'aunin da nake yawo da shi wajen aiki ya nuna digiri 12 a bakin ruwan, laimar iska ta haura kashi 90 cikin ɗari. Da na hau tudu na tsaya ƙarƙashin mangwaron da ke kusa da rumfar Baba Audu, ɗumin ya ƙaru da kamar digiri biyu, laimar ta sauka. Tsakanin wuraren biyu bai fi jifan dutse ba.

Ga lissafin da ke bayan wannan duka. Iska tana da iyakar tururin ruwan da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana raguwa in ta huce. Mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi, tana ɗaukar gram 30 na tururi a digiri 30. A digiri 20 gram 17. A digiri 10 kuwa ɗan abin da ya haura gram 9 ne kawai. Ke nan iskar la'asar mai digiri 30 da ke ɗauke da gram 9, wadda ma'auni zai ce laimarta kashi 30 ce, kowa kuma ya ce mata busasshiya, in ta huce zuwa digiri 10 ta cika maƙil, abin da ya ƙaru sai ta sauke shi a kan duk abin da ta taɓa. A Tudun Wada ko Unguwar Sanusi iskar hunturu ba ta cika kaiwa wannan iyakar ba. A fadama kuwa kogi yana ƙara mata tururi, fangalin da aka shayar da yamma yana ƙara mata, sannan iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare sai ta gangaro ta taru a kwari. Kaduna na zaune ne wajen mita 600 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 ko a cikin gari.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Duk abin da ke kallon sararin sama a daren da ba gajimare yana zubar da zafinsa zuwa sama kai tsaye, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da 'yan digiri. Abin mamakin shi ne ingancin bargon ne ke taimaka wa raɓar: tun da ba ya barin ɗumin jiki ya fito, samansa sai ya yi sanyi ƙalau. Tsohon bargo mai yoyon ɗumi da ƙyar zai tara raɓa haka.

To amma raɓa kashi ɗaya ce cikin huɗun da muka gani. Sauran ukun daga jikin Sadiq suka fito. Baligi, ko bai ji yana gumi ba, fatarsa da numfashinsa kan fitar da ruwan da ya doshi lita guda a yini da kwana. Rabon dare ɗaya ya kai cikin kofin shayi. Numfashi yana fitowa ne da ɗumin da ya haura digiri 30, cike da tururi, kusan gram 40 a kowace mita. In ya bugi yadi mai digiri 12, fiye da rabin wannan tururin dole ya zama ruwa nan take. Dare guda ana hura shi a wuri ɗaya, ga sakamakon nan a wuyan bargo.

Batun leda

Nan ne nake son in daɗe, don a nan aka fi faɗawa. Hankali yana ba mutum cewa ruwa daga waje yake zuwa, don haka a rufe waje. A sana'armu mun san ba haka abin yake tafiya ba. In za a gina ɗakin sanyi na ajiye kifi, ana sa soso mai hana zafi shiga, ana kuma sa leda mai hana tururi wucewa, amma ledar kullum a ɓangaren ɗumi ake sa ta, wato ta waje, domin tururi daga ɗumi yake tafiya zuwa sanyi. In magini ya juya ta ya sa ta ɓangaren sanyi, tururin zai ratsa soson, ya iske ledar a sanyaye, ya zama ruwa a cikin soson. Bayan 'yan watanni bango ya jiƙe, inji ya yi ta aiki ba hutu. Mai barci a hunturu ɗakin sanyi ne da aka juye: ɗumin yana ciki, sanyin yana waje. Ledar da Sadiq ya rufa ta faɗo daidai ɓangaren da bai kamata ba. Tururin jikinsa ya bi ta cikin gashin agwagwar lafiya lau, ya zo fita ya tarar an toshe ƙofa, ya taru a jikin ledar, ya komo masa a matsayin ruwa. Tabarmar soson ma haka ta yi wa bayansa, sai dai ita a jikinsa take, don haka riga ce ta sha, ba bargo ba.

Gashin agwagwa kuwa ba ya yafe wannan. Ɗuminsa daga iskar da yake tarewa tsakanin zarurrukansa ne. Da ya jiƙe sai ya manne, iskar ta tsere, ka koma lulluɓe da yadi biyu sirara. Shi ya sa ƙarfe huɗu ta tashe shi, lokacin da sanyi ke dosar tsananinsa bargon kuma ya riga ya mutu.

Masu tafiya ƙasashen ƙanƙara sun daɗe da sanin wannan masifa. A 1911 mutum uku daga tawagar Kyaftin Scott ta Ingila sun yi tafiyar mako biyar a tsakiyar hunturun Antatika, kuma tururin jikinsu ya riƙa daskarewa a cikin buhunan barcinsu kullum dare har nauyin buhun ya ninka fiye da sau biyu. Daga irin wannan ne aka koyi sa rigar leda ko buhun leda a ciki, dab da fata, don kada tururin ya kai ga bargon ma sam. Da na gaya wa Sadiq sai idonsa ya yi haske, ya ce to bari ya shige cikin ledar shi kansa. Na hana shi. Wannan dabara ta wurin da ruwa ke daskarewa ce, inda ba rana ta shanya har tsawon makonni. A digiri 12 mutum zai dahu ne cikin guminsa kafin tsakar dare, alhali mu nan muna da abin da waɗancan ba su da shi: ranar hunturu da ke busar da wanki kafin a gama shanya na biyu.

Rumfar Baba Audu

Duk surutun nan da nake yi, tsohon yana zaune yana ɗumama hannu. Rumfarsa ginshiƙi huɗu ce da zana a sama, zana ɗaya kuma a jingine ta gabas maso arewa inda iskar ke fitowa, sauran gefen a buɗe. Gadonsa na kara ne, a ɗage, da buhunan algarara da tsohon bargon ulu. Na taɓa bargon, a bushe.

"Baba, kai raɓa ba ta taɓa ka ne?" in ji Sadiq.

"Yaro, wa ya ce maka ana kwana a bakin ruwa? Ko Fulani ba sa ɗaure shanu a kwari da ɗari. Ka hau tudu, ka sa abu a kanka, ka bar iska ta wuce."

Abin da na kwashe rabin awa ina lissafawa ke nan, sai dai shi bai san bargon gashi ba, ni kuma na san inda zai cuce mu. Sadiq ya yi gardama cewa in ya hau tudu ya bar injin, me ya je yi ke nan? Da aka kai maganar gaban kawunsa, dattijon ya ce, "Inji na ce ka yi gadi, ban ce ka yi gadin kogi ba." Tun daga ranar, da an gama ban ruwa sai a ɗora injin a baro a hau da shi, a ɗaure shi da sarƙa a gindin mangwaro, lilon kuma a rataye a samansa.

A kan rufi mun ɗan saɓa. Sadiq yana son tamfol don yana naɗewa ya shiga jaka. Baba Audu ya ce zana, ni ma ina bayansa: tamfol yana tare sararin sama, gaskiya ne, amma shi kansa yana sanyi ya tara ruwa ciki da waje, in ya yi ƙasa sosai ko ya taɓa gidan sauron sai ya ɗigo. Zana tana shan ɗan abin da ya taru, iska kuma tana ratsa ta. Aka yi zana a lambu. In zai yi amfani da tamfol wani wuri, na ce ya ɗaga shi sama da kamu uku daga fuskarsa, ya karkata shi sosai, ya sauke ɓangaren iska kawai, kada ya rufe baki biyun.

Sadiq ya kawo shawarar kaskon gawayi a ƙarƙashin lilo. Wannan ko sauraro ban yi ba. Nailan narkewa yake yi da tartsatsi ɗaya, hayaƙin gawayi kuma a rufaffen wuri yana kashe mutum cikin barci, ba wari ba gargaɗi. Gidan sauron ma ya so cirewa don yana rage wucewar iska. Na ce ɗan danshi ya fi zazzaɓin cizon sauro sauƙi, kuma sauron fadama bai san hunturu ba.

Tabarmar soson aka yi ritaya da ita. Mun sayi wani bargon gwanjo mai cikin foliyesta, wani tela a Tudun Wada ya rage masa faɗi, ya yi masa kalmasa a baki biyu ya zura roba, aka rataye shi a ƙarƙashin lilon ta waje, inda nauyin jiki ba zai danne shi ba. Daidaita shi sai da mutum biyu: Sadiq ya kwanta, ni na zura hannu tsakanin lilon da bargon ina laluben inda ya bar rata, ina jan robar har ya rungumi bayansa ba tare da ya matse ba. Ratar yatsa biyu ta isa ta sa baya ya yi sanyi. An zaɓi foliyesta ne don kusan ba ta shan ruwa, ba kamar auduga ba da ke sha ta riƙe, kuma wannan bargon shi ne ke fuskantar tururin da ke tasowa daga ƙasa.

A saman bargon gashin kuma muka rufa wani siririn mayafin foliyesta mai laushi, wanda in ka kara a baki ka hura iska na wucewa. Amfaninsa biyu ne: in raɓa ta sauka shi za ta samu, kuma yana sa saman bargon gashin ya ɗan yi ɗumi, don haka tururin jiki sai ya wuce shi kafin ya zama ruwa. Kan Sadiq kuwa ya fito waje, da hular sanyi da rawani sako-sako a kan hanci. A wuyan bargon aka maƙala tsohon tawul ya sauko kan ƙirji, ya tare numfashi. Da safe a cire shi a shanya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba shi wuya, don hali ne ba kaya ba. Yakan ja mesa har magariba, ƙafar wando da safa a jiƙe, ya sha shayi mai zafi, ya shige bargo da rigar sanyi biyu, ya yi gumi a awar farko ba tare da ya sani ba. Yanzu yana da kayan barci daban a cikin jaka, busassu, ba ya kuma shiga da jiƙaƙƙiyar safa wai don ta bushe a jikinsa. Yana fara kwanciya da bargon a sake, ƙafa ɗaya a waje, sai dare ya raba ya soke gefuna.

Cikin mako guda lemar wuya da ta baya suka ɓace gaba ɗaya. Raɓar sama ta ragu ta koma ɗan sanyi-sanyi a kan mayafin, sai a daren da iska ta tsaya cak ko aka yi ban ruwa a makare ne take ƙaruwa. Da hantsi yakan rataya bargon gashin a igiya na kamar awa ɗaya, ya karkaɗe, ya warware duk wani dunƙule da yatsu, sannan ya ɗauke, don doguwar rana tana cin nailan, ƙura kuma tana shiga ɗinki. Ba ya cusa shi cikin jaka sai ya tabbatar ya bushe. In aka danne shi da danshi fumfuna ce ke biyowa. Da Janairu ya shigo iskar ta ƙara ƙarfi, ƙasa ta ƙara bushewa, raɓar ma ta yi ƙaranci har a bakin ruwan.

Wuri ɗaya ne har yanzu bai daina ba, wato aljihun ƙafa. Nan ne ya fi nisa da ɗumin ƙirji, tafin ƙafa kuma yana da yawan gumi, ɗinkin ya rufe shi ruf, don haka yakan tashi da ɗan danshi ta ciki. Telan ya ce zai iya farke ɗinkin ya sa igiyar zuge, a riƙa buɗewa kaɗan in dare bai yi tsanani ba. Sadiq bai yarda ba tukuna, yana tsoron in almakashi ya kuskure gashin ya watse a shago. A yanzu dai yana juya aljihun ciki ya koma waje in zai shanya, kuma ya koma sa safar ulu maimakon ta auduga.